Ƙanina Ya Daina Tsuguna Mini, Na Ce Raini Ne

Ni ne mai laifi. Na fara da wannan don kada mai karatu ya yi ta neman wanda zai ɗora wa, ko mai ɗori, ko asibiti, ko lalacewar hanya. Ƙanina Sahabi ya yi wata bakwai da ciwo a kwatangwalo, ni kuma na yi wata bakwai ina gaya wa mutane raini ne da lalaci. Karatuna bai wuce allo da firamare ba, sai a yi haƙuri da rubutun. Na yi shi ne don wani babban wa irina, wanda gida ke hannunsa, kada ya taka inda na taka.

Sunana Lawali, manomi ne ni a wajen Adabka, ƙasar Bukkuyum. Na girmi Sahabi da shekara ashirin da ɗoriya. Mahaifinmu ya rasu Sahabi yana bayan Inna, don haka ni na raine shi, ni na yi masa aure. Gandu ɗaya muke yi, wato gona ɗaya, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya, ni ke fitar da hatsi. Tun yana yaro, kullum in an dawo sallar asuba, sai ya zo bakin zaure ya tuɓe takalmi, ya tsuguna har ƙasa ya gaishe ni kamar uba. Ban taɓa sa shi ba. Ban kuma san na saba da abin har haka ba sai da ya daina.

Da farkon damina abin ya faru, shekarar da wayar hannu ta fara shigowa wajenmu, ana hawa tudu kafin a samu magana. Sahabi yana huɗa da garmar shanu a fadama, sai ɗaya daga cikin shanun ya firgita ya fizgi garma. Ƙafarsa ta dama ta nutse a laka. Jikinsa ya juya, ƙafar ba ta juya ba. Ya ce ya ji wani abu ya ce ƙas a matsematsinsa. Ya tashi ya karkaɗe jiki, ya ƙarasa aikin ranar.

Makon farko matarsa Luba ta yi ta gasa masa wurin da ruwan zafi tana shafa man kaɗanya. Mako na biyu na kawo mai ɗori. Ya latsa, ya ce targaɗe ne, ya sa mutum biyu suka danne Sahabi, ya ja ƙafar har sau uku. Tun daga ranar ciwon ya ƙaru. Mako na uku wanzami ya yi masa ƙaho. Kawunmu ya ce sanyi ne ya shiga ƙashi, a bar shan ruwan randa. Inna ta ce fadamar nan dama ba ta mutane kaɗai ba ce, ta karɓo rubutu. Duk wanda ya shigo dubiya da nasa maganin, kuma duk mun gwada.

Abin da ya ruɗe ni shi ne, Sahabi yana tafiya. In a miƙe ne, ba za ka ce yana da komai ba, sai ɗan ɗingishi in ya yi nisa. Amma a ce ya duƙa noma, ko ya tanƙwashe ƙafa a tabarma, sai ya ce gaɓar ta sarƙe kamar an sa tsinke a ƙofa. Ni kuwa a sanina, ƙafar da ke kai mutum kasuwa za ta kai shi gona.

Ranar da ya fara gaishe ni a tsaye ba zan manta ba. Ya tuɓe takalmi kamar kullum, ya dafa bango, ya ɗan rusuna.

Ya ce, "Ina kwana, Yaya."

Na dube shi daga sama har ƙasa, na ce, "Ƙasa ta yi maka nisa yau?"

"Ban iyawa, Yaya. In na sauka, tashi shi ne aiki."

Na ce, "To, madalla." Ban amsa gaisuwar ba.

A wata na biyu na kai shi Gummi. Kabu-kabu biyu muka hau, hanya duk ruwa ya cinye ta, duk ramin da muka faɗa sai in ga ya cije leɓe. Muka yi layin kati tun hantsi, ba mu ga likita ba sai bayan azahar. Aka ɗauki hoto, washegari muka koma karɓa. Aka ɗaga shi a haske aka ce ƙashi lafiya lau, ba karaya, ba gocewa. Aka ba shi ƙwayoyin rage zafi, aka ce ya huta. Gaskiya suka faɗa, ƙashin lafiya yake. Ni ne na ɗauki gaskiyarsu na yi ƙarya da ita.

Lokacin nan samari sun fara zuwa ramukan zinari a ƙasar Anka, suna dawowa da sabon mashin da waya. Sai zuciyata ta haɗa mini lissafi, cewa Sahabi hanyar fita gandu yake nema, ya gaji da zama ƙarƙashina. Na kasa zama wuri ɗaya. In na je gona ina huci, in na dawo gida ina neman abin faɗa. Na lura ya rage zuwa jam'i, na ƙara wannan a cikin laifinsa. Ran nan bayan la'asar, a ƙofar masallacin unguwarmu, wani ya tambaye ni jikin Sahabi. Na shiga gida na ɗauko hoton nan, na ɗaga shi a rana kowa ya gani.

Na ce, "Ku duba, jama'a. Ƙashi kamar na ɗan maraƙi. Yaron da na goya da hannuna, yau gwiwarsa ta fi ƙarfin ƙasa. Lalaci ne da raini, ba wani ciwo."

Aka yi dariya. Kafin mako, yara da manya in sun gan shi sai su ce ga mai ciwon hoto. Da kaka ta yi, na ƙarasa ɓarnar. Na ce wanda bai duƙa a gona ba, ba zai miƙe a gaban rumbu ba. Na auna musu hatsi kaɗan, na ce Luba ta kafa murhunta daban. Washegari da asuba Sahabi ya zo ya dafa bango ya gaishe ni.

Ba hankalina ne ya dawo da ni ba, Inna ce. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana, Babba take ce mini. Ta aika aka kira ni, tana zaune tana ɓarar gyaɗa, ba ta ko ɗago ba.

Ta ce, "Babba, in an kira la'asar yau, kar ka tafi masallaci. Tafi ka leƙa ɗakin ƙanenka."

"Me zan gani, Inna?"

"Mi za ka gani? Ido gare ka."

Na je na leƙa ta labule. Na tarar da Sahabi zaune a kan turmi da aka kife, ƙafar dama a miƙe, yana sallah da ishara. Luba ta same ni a tsakar gida, ta ce wata huɗu ke nan haka yake yi, kunya ce ta hana shi yi a cikin sahu. Ta ƙara da abin da ban tambaya ba, kanta a ƙasa: ko bayan gida ba ya iya shiga, daji yake tafiya inda zai samu reshe ya riƙe.

Da na koma, Inna ta ce, "Wanda ya kasa sauka ma Ubangijinsa, kai ne wa da za shi sauka maka?"

Da a ce ni mutumin kirki ne, da a ranar na ba shi haƙuri. Ban yi ba. Cewa na yi mu tafi Sakkwato a raba gardama.

Kwana uku muka yi kafin mu ga likitan ƙashi, don ba kullum yake zama ba. Muna kwana a zauren wani ɗan garinmu, muna sammako mu kama layi, a kira mutum kaɗan a ce sauran sai gobe. Ni ba na iya zaman benci, sai kai da komo nake yi har mai gadi ya ce, "Malam, za ka sa mu sake siminti." Da muka shiga, duk tambayar da likitan ya yi wa Sahabi, ni ke amsawa. Ya ajiye biro ya dube ni.

Ya ce, "Malam, ƙafar wa ce?"

Sai ya kwantar da Sahabi, ya naɗe gwiwarsa zuwa ƙirji, ya ɗan juya ta ciki. Sahabi, wanda bai yi kuka a hannun mai ɗori ba, ya saki ƙara. Na yi maza na miƙa hoton Gummi, don har lokacin ina yawo da shi kamar takardar gona. Likitan ya duba ya miƙo mini.

Ya ce, "Hoton nan ƙashi yake gani, ba ya ganin ciwo."

Ya yi mana bayani yadda za mu gane. Ya ce kan ƙashin cinya yana zaune ne a cikin wani ƙoƙo, a bakin ƙoƙon kuma akwai zobe na guringuntsi, kamar gammo tsakanin kai da tulu. Yana zaton gammon nan ne ya yage, in an naɗe ƙafa sai tsagin ya shiga tsakani ya matse. Ya kira shi da wani suna, labram, na sa aka rubuta mini a bayan kati. Ya ce zai gwada da allurar kashe zafi a cikin gaɓar kanta, in zafin ya ɗauke, to ciwon a nan yake.

Washegari aka yi allurar. Bayan ɗan lokaci likitan ya ce, "Sahabi, tashi ka gwada abin da ka daɗe ba ka yi ba."

Na zaci zai yi tsalle ko ya taka da ƙarfi. Sai ya waiwaya ya neme ni. Ya tuɓe takalmi a kan simintin asibiti, ya tako gabana, ya tsuguna har ƙasa.

Ya ce, "Ina kwana, Yaya. An kwana biyu."

Rana tana tsaka a lokacin. Allah ya yafe mini, abin da ya fara zuwa zuciyata shi ne, ashe yana iyawa. Kamar likitan ya ji, sai ya ce kafin magariba allurar za ta sake shi, ya koma yadda yake. Haka kuwa aka yi. A motar dawowa a karkace ya zauna, gumi yana zuba, ni kuma na kasa haɗa ido da shi har muka sauka.

Daga nan sai shawara. An tura mu Abuja ɗaukar wani hoto na daban, wanda ake tura mutum cikin na'ura kamar rami, ya nuna yagewar sosai. Da muka koma Sakkwato, likitan ya shimfiɗa mana hanya biyu. Ko a yi ta motsa ƙafar yadda za su koya masa, a guji tsuguno, wasu suna samun sauƙi a haka. Ko a yi aiki, a buɗe, a datse inda ya ragargaje, a ɗinke abin da zai ɗinku. Ya ce ba ya alkawarin ƙafa za ta koma sabuwa, zafi yana iya saura, miki yana iya yin ruwa. Mako shida a kan sanduna, wata uku ba tsuguno, daminar bana kuma a manta da ita.

Gida ya rabu. Inna ta ce ba a sa wa mai tafiya da ƙafafunsa wuƙa. Kawu ya kawo labarin wani da ya shiga asibiti da ƙafa biyu aka fito da shi a kan keken guragu. Ni kuwa, da na ce ba ciwo, yanzu ni ke cewa ko gobe a yi. Na kai sa ɗin da ya fizgi garma kasuwa na sayar, ban yi shawara da kowa ba. Yanzu na gane ba don Sahabi nake gaggawa ba. So nake a yanke laifina tare da guringuntsin, in huta. Har na je zan sa hannu a takarda, likitan ya janye ta, ya ce mai ƙafa ne zai sa.

Sahabi ya zaɓi gwada motsa ƙafa tukuna. Mako shida yana yi safe da yamma, ni ina zagaye shi kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Zafin ya ɗan ragu, sarƙewar ba ta bari ba. Ran nan ya sunkuya zai ɗauki 'yarsa da ke rarrafe wajen murhu, gaɓar ta kama, ya faɗi gefe, Luba ce ta fizge yarinyar. Da yamma ya shiga wajen Inna, ina jin su daga zaure.

Ya ce, "Inna, ki yi min addu'a. Ban iya shekara arba'in ina sallah bisa turmi."

Ita ya gaya wa, ba ni ba. Tun daga Sakkwato, maganarsa da ni ba ta wuce gaisuwa da abin da ya zama dole.

An yi aikin a Sakkwato da bazara, zafi kamar a gasa mutum. Awa nawa ya yi a ciki ban sani ba, na dai san na zagaye ginin nan har ƙafata ta yi bororo. Makon farko a asibiti komai sai an sayo a waje, ruwan ƙari, auduga, safar hannu, a rubuto maka wannan ka dawo a ce saura wancan. Na yi ƙorafi, ina kuma kan yi. Amma akwai wata nas dattijiya da ke juya shi da kanta, tana ce masa ɗana, Allah ya saka mata. Kwana na uku zazzaɓi ya rufe shi, na ce shi ke nan maganar Kawu ta tabbata, na tayar da hankalin ɗakin duka. Aka auna jini, ashe na sauro ne.

Mako na biyu aka sallame mu. Mota ta kawo mu inda hanya ta ƙare, sauran a amalanke muka ƙarasa, an shimfiɗa katifa biyu, ina gaba ina jan akala kamar mai ɗauke da ƙwai. Na ɗaga gadonsa da bulo don kada ya sauka ƙasa da yawa. Na samo katako na yi masa kujera mai rami na kafa a bayan gida. Na sa Luba ta kashe murhunta, aka koma tukunya ɗaya. Kullum safe ni ke riƙe masa diddige yana jan ƙafar da tsohon rawani yadda aka koya masa.

Mako na huɗu ya ji daɗin jiki ya yar da sanda ɗaya, ya taka zuwa zaure. Cinya ta kumbura, muka koma baya da mako biyu. Mai jinya ya kiyaye wannan: ranar da mara lafiya ya ce ya warke, ranar ce za ka fi sa ido.

Mako na shida Kawu ya zo dubiya da mutane. Sahabi ya jingine sanduna zai sauka ya gaishe shi, na yi wuf na riƙe hammatarsa, na ce likita ya hana.

Kawu ya kwashe da dariya, ya ce, "Lawali, ashe yanzu kai ne sarkin hana tsuguno? Ina hoton namu, ko rana ta ƙone shi?"

Kowa ya yi dariya, har ni na yi ta dole. Sahabi bai yi ba.

Wata huɗu bayan aiki yana tafiya ba sanda, yana sujada a hankali, zaman tahiya ne kawai sai ya miƙe ƙafa. Sai na ji a bakin mata cewa wan Luba ya samar masa wurin awon hatsi a kasuwar Gummi, in an yi girbi zai kwashe iyalinsa ya koma can gaba ɗaya. Abin da na zarge shi da shi bai yi niyya ba, ni na tura shi. Na shiga wajen Inna ina lissafa mata, na sayar da sa, na yi jinya, na yi kaza, me kuma yake so?

Ta bar ni na gama. Ta ce, "Babba, ina ka ɓata shi?"

Na ce, "Ƙofar masallaci."

"Ina ka kafa mashi kujera?"

Sai ta ce, "To. Ka ɓata a gaban jama'a, ka je ka gyara a bayan gida."

Duk da haka sai da na yi mako uku ina ɗaga ranar ba shi haƙuri. In na yi niyya da azahar sai in ce la'asar ta fi mutane, in la'asar ta yi sai in ce liman yana sauri. Sai da na ga Luba ta fara wanke buhunan da za su kwashe kaya tana shanyawa.

Ran nan bayan la'asar Sahabi ya fito ya zauna a dakalin ƙofar masallaci yana sa takalmi. Na ce jama'a su dakata. Na zaro hoton daga cikin riga, na gaya musu abin da likita ya ce, cewa ƙashi yake gani, ba ya ganin ciwo. Sannan na tuɓe takalmina, na tsuguna a gaban ƙanina. Gwiwoyina suka yi ƙara, wani ya fara dariya ya haɗiye. Sahabi ya kama kafaɗata yana cewa, "Yaya, tashi, don Allah tashi," ga shi ba ya iya sunkuyowa ya ɗaga ni.

Ƙafar ba ta koma ta garma ba har yau. Yana zuwa Gummi awo ranar kasuwa, ya kwana ɗaya ya dawo. Buhunan da Luba ta wanke, geronmu aka zuba a ciki. Abin da na ce masa ina tsugune, ga shi yadda na faɗa:

"Sahabi, wata bakwai kana gaishe ni ban amsa ba. Lafiya lau na kwana, ƙanina, kai ne ba ka kwana lafiya ba, ni kuma na ƙara maka. A nan na ce kai malalaci ne mai raini, a nan nake cewa ƙarya na yi. Na hana ka hatsin da ka noma tun kana yaro. Ba don ka fasa tafiya nake roƙo ba, in za ka tafi ban da bakin hanawa. Ka yafe mini don Allah. Ba zan tashi ba sai ka ce."